Inuwar Ƙashi: Yadda Aka Gano Hasken X da Dalilin da Ya Sa Yake Ratsa Jiki

Duk wanda aka taɓa tsayar da shi a gaban injin asibiti aka ce ya ja numfashi ya riƙe, daga baya aka miƙo masa baƙin faifai mai ɗauke da fararen haƙarƙarinsa, ya san abin da ake kira hoton ƙashi ko eksire. Kalmar hoto a nan tana ɗan ruɗar da mutum. Hoton da kyamara ke ɗauka haske ne da ya bugi fuskar abu ya dawo, shi kuwa abin da ke kan wancan faifai inuwa ce: an haska wani irin haske ta bayan mutum, wani kaso ya ratsa ya fita ta gaba, wani kaso ya maƙale a hanya, faifan kuma ya rubuta inda hasken ya iso da inda bai iso ba. Tambayar da ta cancanci a tsaya a kanta ita ce, wane irin haske ne wannan da tsoka ba ta iya tare shi amma ƙashi yake ragewa, kuma ta yaya ɗan Adam ya same shi alhali idonsa ba ya ganinsa?

Labarin ya fara ne da wata kwalbar gilashi. Tun daga wajen shekarun 1860 da 1870 masana kimiyyar fiziks a Jamus da Ingila, irin su Johann Hittorf da William Crookes, suka duƙufa a kan wani gwaji: a sami kwalba a zuƙe kusan duk iskar da ke cikinta, a dasa ƙarfe biyu a ciki nesa da juna, sannan a tura lantarki mai tsananin ƙarfi tsakaninsu. Idan aka yi haka, sai wani abu marar ganuwa ya fito daga ɗaya ƙarfen, wanda ake kira katod, ya miƙe ya bugi bangon kwalbar, wurin da ya buga kuma ya ɗauki ƙyalli kore-kore. Aka sa wa abin suna hasken katod, aka yi shekaru ana jayayya a kan mene ne shi. An dai lura cewa maganaɗisu yana lanƙwasa hanyarsa, kuma Philipp Lenard ya yi wa kwalbarsa 'yar taga da siririn fallen alminiyam ya fito da shi waje, ya ga cewa ba ya wuce 'yan santimita a cikin iska kafin ya mutu. Wannan magana ta 'yan santimita ita ce mabuɗin abin da ya biyo baya.

Da yammacin Juma'a 8 ga Nuwamba 1895, Wilhelm Conrad Röntgen, malamin fiziks a Jami'ar Würzburg ta ƙasar Jamus, mai shekara 50 a lokacin, yana aiki da irin wannan kwalba a ɗakin gwajinsa. Ya lulluɓe ta da baƙin kwali ta yadda ko ɗigon haske ba zai fita ba, ya duhunta ɗakin, ya kunna lantarki. Sai ya hangi wani ɗan ƙyalli a gefe, daga wata takarda da aka shafa wa wani sinadarin bariyam da filatinam, wanda yakan yi ƙyalli idan haske mai ƙarfi ya taɓa shi. Idan ya kashe lantarki ƙyallin ya ɓace, idan ya kunna ya dawo. Hasken ido ba zai iya keta kwalin ba, hasken katod kuma ba zai iya yin wannan tafiya a cikin iska ba, domin daga baya ya ga takardar tana ƙyalli ko da an kai ta nisan mita biyu. Ke nan akwai wani abu na uku da ke fita daga kwalbar.

Ana yawan cewa sa'a ce ta gamu da Röntgen, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai sa'ar ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofar wasu kafin shi. Duk wanda ya kunna irin wannan kwalba a waɗancan shekaru yana samar da hasken X bai sani ba. Crookes ya sha tarar da faya-fayen ɗaukar hoto da ya ajiye kusa da kayan aikinsa sun dusashe, ya ɗauka lahani ne daga masana'anta. A birnin Filadelfiya na Amurka, Arthur Goodspeed ya sami wasu baƙin da'irori a kan faifai tun 1890, inuwar tsabar kuɗi ce, amma bai gane abin da yake riƙe da shi ba sai bayan da labarin Würzburg ya fito. A ganina bambancin Röntgen da su bai wuce abu ɗaya ba: su sun ɗauki abin da suka gani a matsayin matsala da ta shigo ta ɓata musu aiki, shi kuwa ya ajiye aikin da ya zo yi ya bi matsalar. Da wani ɗan jarida ya tambaye shi a 1896 abin da ya zo masa a rai lokacin da ya ga ƙyallin, amsarsa ita ce bai tsaya tunani ba, bincike ya shiga yi.

Makonni bakwai ya yi kusan a kulle, har ci da kwana yakan yi a ɗakin gwajin, bai gaya wa kowa abin da yake ciki ba. Ya riƙa sanya abubuwa ɗaya bayan ɗaya tsakanin kwalbar da takardar mai ƙyalli. Littafi mai shafi kusan dubu bai hana ƙyallin ba. Katako mai kaurin santimita biyu zuwa uku ya ɗan rage shi kaɗan ne kawai. Fallen alminiyam mai kaurin milimita 15 ya raunana shi sosai amma bai kashe shi ba, alhali dalma mai kaurin milimita ɗaya da rabi ta tare shi kusan ɗungurungum. Ya kawo maganaɗisu, sabon hasken bai lanƙwasa ba, wanda ya nuna ba hasken katod ba ne. Ya kuma gano mafitarsa: daidai wurin da hasken katod ke bugun bangon gilashi, domin idan ya karkatar da hasken katod da maganaɗisu zuwa wani gefe, mafitar sabon hasken ma sai ta koma can. A cikin waɗannan gwaje-gwaje ne, yana riƙe da wani abu a gaban takardar, ya ga inuwar ƙasusuwan yatsunsa a cikin wata inuwa mai sauƙin duhu, wato ta naman hannunsa.

Ranar 22 ga Disamba ya kira matarsa Anna Bertha ta ɗora hannunta na hagu a kan faifan hoto na kimanin minti 15. Abin da ya fito shi ne hoton da duniya ta sani har yau: ƙasusuwan yatsu zara-zara, da zobe baƙi ƙirin kamar yana shawagi a kan ɗayansu. Ranar 28 ga watan ya miƙa gajeren rahotonsa ga ƙungiyar masana fiziks da likitanci ta Würzburg, ranar 1 ga Janairu 1896 ya aika wa takwarorinsa kwafi tare da hotuna, ranar 5 ga wata kuma wata jarida a birnin Biyana na ƙasar Austriya ta buga labarin, daga nan wayar tangaraho ta kai shi ko'ina. Tun da kwalbar da injin lantarkin suna nan a kusan kowace jami'a, cikin 'yan kwanaki aka maimaita gwajin a ƙasashe da dama, cikin 'yan makonni kuma likitoci suka fara neman karaya da allura da harsashi da shi. A shekarar 1896 kaɗai an wallafa rubuce-rubucen bincike fiye da dubu a kan batun. Röntgen ya ƙi yin rajistar mallakar abin da ya gano, kuma da aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin fiziks a 1901, ya ba jami'arsa kuɗin.

Abin mamakin shi ne, duk wannan amfani an yi shi ne ba tare da an san mene ne hasken ba. Harafin X da Röntgen ya laƙaba masa aro ne daga lissafi, inda ake amfani da shi a madadin adadin da ba a sani ba, kuma sunan ya faɗi gaskiyar halin da ake ciki. Hasken yana tafiya a miƙe, yana yin inuwa, yana baƙanta faifan hoto, duk kamar hasken ido. Amma madubi ba ya mayar da shi yadda aka saba, gilashi mai kusurwa uku ba ya karya shi, gilashin tabarau ba ya tattara shi wuri ɗaya. Sai da aka ɗauki kusan shekara 17 kafin a sami hujjar da ta warware rabin tambayar, da wasu 11 kafin ɗaya rabin.

Matakin farko ya zo a 1897, lokacin da J. J. Thomson a Kambirij ya nuna cewa hasken katod ba haske ba ne ko kaɗan, ƙananan ƙwayoyi ne masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda yanzu ake kira ilektiron. Da wannan sai aikin kwalbar ya fito fili. Ƙarfin lantarkin da ke tsakanin ƙarafan biyu yana fizgar ilektiron ya cilla su da gudu. A injin asibiti mai aiki da bolt 100,000, gudunsu yakan haura rabin gudun haske kafin su isa ɗaya gefen. Can sai su yi karo da ƙarfe, kamar yadda suke karo da bangon gilashi a kwalbar Röntgen. Akwai ƙa'ida a kimiyyar lantarki cewa duk wani abu mai caji da aka sauya masa gudu ko alkibla farat ɗaya, dole ya fitar da wani kaso na kuzarinsa a matsayin haske. Ilektiron da ya kutsa cikin ƙarfe yakan wuce kusa da cibiyar wata ƙwayar zarra, cibiyar ta jawo shi, hanyarsa ta lanƙwashe, gudunsa ya ragu, kuzarin da ya rasa kuma ya fita a matsayin hasken X. Jamusawa sun sa wa wannan suna mai ma'anar hasken birki, kuma da wuya a sami sunan da ya fi shi dacewa. Wani ilektiron yakan taka birkin a hankali ya fitar da haske mai rauni, wani ya taka da ƙarfi, shi ya sa hasken da ke fitowa gauraye ne na ƙarfi iri-iri. Iyakarsa ɗaya ce: ba zai wuce kuzarin da ilektiron ya zo da shi ba, wanda ke nufin ma'aikacin da ke murɗa maɓallin bolt shi ke yanke iyakar ƙarfin ratsawar hasken.

Akwai hanya ta biyu, wadda ta fi ta farko ban sha'awa. Ilektiron da ke cikin ƙwayar zarra suna zaune ne hawa-hawa, na kusa da cibiya su ne aka fi ɗaurewa tamau. Idan baƙon ilektiron mai gudu ya bangaje ɗaya daga cikin na hawan ciki ya fitar da shi, sai gurbi ya buɗe, wani daga hawan sama ya faɗo ya cike shi, kuma a faɗowar tasa ya saki kuzari daidai da tazarar hawan biyu. Tun da tazarar nan ƙayyadaddiya ce ga kowane sinadari, hasken da ke fita yana da ƙarfi takamaimai, kamar tambarin yatsa. Charles Barkla ne ya gano wannan nau'i a farkon ƙarni na 20. A 1913 wani matashi ɗan Ingila, Henry Moseley, ya bi sinadarai ɗaya bayan ɗaya yana auna tambarin kowannensu, ya ga yana hawa daki-daki da lamba guda guda, wadda ita ce yawan cajin da ke cibiyar zarrar. Da haka ya kafa jadawalin sinadarai a kan lambar zarra maimakon nauyi, har ya nuna guraben sinadaran da ba a gano ba tukuna. Shekara biyu bayan nan aka kashe shi a fagen yaƙin Gallipoli na ƙasar Turkiyya, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, yana da shekara 27.

Sai dai kwalbar eksire muguwar almubazzara ce. A cikin kuzarin da ilektiron ke kawowa, kimanin kashi 1 cikin 100 ne kawai ke zama hasken X, sauran kashi 99 zafi ne tsagwaronsa. Wannan ne ya sa ake yin ƙarfen da ake buga wa da tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 3,400 a ma'aunin Salshiyas, kuma a manyan injuna ake yin sa kamar faranti mai juyawa sau dubbai a minti, don kada wuri ɗaya ya sha dukan. Kwalaben zamanin Röntgen sun dogara ne da ragowar iskar da ke cikinsu don samar da ilektiron, saboda haka halinsu yakan sauya daga rana zuwa rana. William Coolidge na kamfanin General Electric ne ya magance wannan a 1913, da ya sa siririyar wayar tangistin da ake zafafawa ta riƙa fitar da ilektiron a cikin kwalbar da aka zuƙe iskarta sarai. Tun daga nan aka sami maɓalli biyu daban: zafin waya yana ƙayyade yawan hasken, bolt yana ƙayyade ƙarfinsa. Injunan yau har yanzu a kan wannan tsari suke.

Sanin yadda ake samar da hasken bai faɗi mene ne shi ba. Da yawa sun yi zaton taguwa ce irin ta hasken ido da ta rediyo, sai dai mai gajeren zango ainun. Mai sauraron rediyo ya san gajeren zango da ake aunawa da mita gommai. Zangon hasken ido yana tsakanin nanomita 400 da 700, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Hanyar da ake tabbatar da cewa abu taguwa ne ita ce a bi da shi ta cikin jerin ramuka ko layuka da tazararsu ta yi kusa da tsawon zangonsa. Idan taguwa ce, sassanta za su haɗu su ƙarfafa juna a wasu wurare su kashe juna a wasu, a sami zane mai tsari. Matsalar ita ce babu hannun da zai iya zana layuka masu ƙanƙantar da ake bukata. A 1912 Max von Laue a birnin Munich ya kawo shawarar da ta yanke wahalar: ƙwayoyin zarra a cikin kiristal, irin ƙwayar gishiri, a jere suke sahu-sahu da tazarar da ba ta kai nanomita ɗaya ba, ke nan halitta ta riga ta zana layukan. Walter Friedrich da Paul Knipping suka haska siririn hasken X ta cikin wani shuɗin kiristal na sinadarin tagulla, faifan da ke baya kuma ya fito da ɗige-ɗige kewaye da tsakiya. Gwaji ɗaya ya tabbatar da abu biyu: hasken X taguwa ce, kuma kiristal jerin zarra ne. Yanzu an san zangonsa yana tsakanin nanomita 0.01 da 10, wato na asibiti ya fi na hasken ido gajarta sau dubbai.

William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka juya gwajin: idan an san zangon hasken, ana iya amfani da ɗige-ɗigen a lissafo yadda zarra suke zaune a cikin abu. Sun raba kyautar Nobel ta 1915, ɗan yana da shekara 25. Ta wannan hanya Dorothy Hodgkin ta fito da siffar maganin fenisilin, kuma hoton da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin a Landan a 1952 ya taimaka wajen gano murɗaɗɗiyar siffar DNA, sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta a cikin ƙwayoyin jiki. Abin dariyar shi ne, Bragg babba ya yi shekaru kafin nan yana jayayya da Barkla cewa hasken X ƙwayoyi ne ba taguwa ba, kuma a ƙarshe ya tabbata bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A 1923 Arthur Compton a Amurka ya nuna cewa idan hasken X ya bugi ilektiron yakan kauce ya fito da ragin kuzari, daidai yadda ƙwallo ke yi idan ta bugi wata ƙwallon. Hasken yana yaɗuwa kamar taguwa, amma yana ba da kuzarinsa ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli ana kiransa foton, kuma gwargwadon gajartar zango gwargwadon nauyin ƙullin.

A nan ne, a ganina, duk maganar take. Foton ɗaya na hasken ido yana ɗauke da kuzarin da bai wuce awo biyu zuwa uku ba a ma'aunin da ake kira ilektiron-bolt, na hasken X na asibiti kuwa yana ɗauke da dubbai gommai. Hasken ido ya yi daidai da abin da ilektiron na hawan waje ke iya karɓa, shi ya sa fata da tsoka suke shanye shi ko su warwatsa shi tun a milimitocin farko. Foton na X ya fi ƙarfin waɗannan ilektiron nesa ba kusa ba, saboda haka yakan wuce biliyoyin zarra ba tare da wani abu ya same shi ba. Hanya biyu ce ke tsayar da shi a jiki. Ko dai ya yi irin karon da Compton ya bayyana ya kauce hanya, ko kuma ya gamu da ilektiron na hawan ciki da aka ɗaure da ƙarfi, ya ba shi kuzarinsa duka ya ɓace. Yiwuwar wannan ta biyu tana hauhawa matuƙa da lambar zarra: idan lambar ta ninka biyu, shanyewar takan ninka wajen takwas.

Da wannan ƙa'ida ɗaya ana iya karanta faifan asibiti tun daga sama har ƙasa. Tsoka da jini galibi ruwa ne da sinadarai marasa nauyi, haidirojin mai lamba 1, kabon mai 6, naitirojin mai 7, oksijin mai 8. Ƙashi yana ɗauke da kalsiyam mai lamba 20 da fosfaras mai 15, kuma ya fi tsoka cunkushewa kusan ninki biyu, don haka yana tare kaso mai yawa, wurin da ke bayansa a faifan ya zauna fari. Huhu cike yake da iska, hasken ya wuce kusan salin-alin ya ƙona faifan ya yi baƙi, kuma dalilin da ya sa ake cewa a ja numfashi a riƙe ke nan: huhun ya buɗe, kuma inuwar kada ta motsa. Hanji da jijiyoyin jini ba su bambanta da naman da ke kewaye da su ba, shi ya sa ake ba mutum ruwan bariyam mai lamba 56 ya sha, ko a yi masa allurar aidin mai lamba 53, don a ara musu inuwa. Dalma mai lamba 82 ita ce katanga. Gilashin da ma'aikaci ke leƙen majiyyaci ta cikinsa akwai dalma a haɗinsa, yana barin hasken ido ya wuce ya tare na X, akasin abin da baƙin kwalin Röntgen ya yi.

Inuwa tana da aibi ɗaya da ba ya gyaruwa: tana tara abin da ke gaba da abin da ke baya a wuri guda. Ƙaramin tabo a huhu yana iya ɓuya a bayan haƙarƙari ko zuciya, karaya kuma tana iya ɓacewa idan aka dube ta daga fuska ɗaya, shi ya sa akan ɗauki ƙashi ta gaba da ta gefe. Injin sitisikan, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera aka fara gwada shi a kan majiyyaci a Landan a 1971, bai sauya hasken ba ko kaɗan. Abin da ya yi shi ne ya zagaya jiki yana ɗaukar inuwa daga ɗaruruwan kusurwoyi, kwamfuta kuma ta lissafo abin da ke kowane lungu.

Nauyin ƙullin nan da ya ba hasken ikon ratsawa shi ne kuma tushen haɗarinsa. Kuzarin da bai wuce awo gommai kaɗan ba ya isa ya fizge ilektiron daga zarra ya tsinka haɗin sinadari, saboda haka foton ɗaya da jiki ya shanye yana iya barin irin wannan ɓarna sama da dubu a ɗan ƙaramin wuri. Idan ta faɗa kan DNA, ƙwayar halitta galibi takan gyara. Wani lokaci ta mutu. Wani lokaci kuma gyaran ya zo da kuskure, wanda bayan shekaru yana iya zama sankara. Mutanen farko ba su san haka ba, kuma hasken ba ya zafi a lokacin da yake shiga. Sukan gwada ƙarfin kwalba da hannunsu kowace safiya. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison, shahararren mai ƙirƙire-ƙirƙire na Amurka, ya rasa hannayensa biyu kafin ya rasu a 1904, abin da ya sa Edison ya bar binciken gaba ɗaya. A 1927 Hermann Muller ya nuna da ƙananan ƙudaje cewa hasken yana sauya gadon halitta, a 1936 kuma aka kafa wani dutsen tunawa a birnin Hamburg mai ɗauke da sunayen likitoci da ma'aikata 169 da aikin ya kashe. Duk da haka har bayan Yaƙin Duniya na Biyu akwai shagunan takalma a Turai da Amurka da ke haska ƙafar yara don a ga ko takalmi ya yi daidai.

Yau ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. A matsakaici, mutum a duniya yana shan kimanin 2.4 a shekara daga ƙasa da iska da sararin sama, hoton ƙirji ɗaya kuma ba ya wuce 0.1, wato abin da mutum zai sha cikin mako biyu ko ƙasa da haka yana zaune a gida. Sitisikan na ciki yana iya kaiwa na shekaru biyu zuwa uku, shi ya sa ba a yin sa sai da dalili. Ma'aikacin da ke komawa bayan katanga ba don hoto ɗaya yake gudu ba, don dubban da zai ɗauka ne a rayuwar aikinsa, kuma abin da yake kauce wa shi ne hasken da ya yi karo a jikin majiyyaci ya fantsama gefe. Nisa ma kariya ce, domin idan tazara ta ninka biyu ƙarfin hasken yakan koma rubu'i. Da zarar an kashe lantarki kuwa komai ya ƙare: babu abin da ke saura a ɗakin ko a jikin wanda aka ɗauka. A nan hasken X na kwalba ya bambanta da abin da ke fita daga sinadarai irin yuraniyam, wanda Henri Becquerel ya gano a Faransa a 1896 yana neman ko duwatsu masu ƙyalli suna fitar da hasken Röntgen, domin wancan daga cibiyar zarra yake fitowa kuma ba shi da maɓallin kashewa.

Iskar ɗaki ba ta iya tare hasken X, kamar yadda takardar Röntgen ta nuna daga nisan mita biyu, amma kauri yana yin abin da nauyin zarra ke yi. Iskar da ke lulluɓe da duniya, daga ƙasa zuwa sama, nauyinta ya kai na ruwa mai zurfin mita 10, kuma tana shanye duk hasken X da ke zuwa daga rana da taurari kafin ya iso ƙasa. Sai da aka fara harba na'urori sama da ita aka san sararin samaniya cike yake da shi. A 1962 wata roka da ayarin Riccardo Giacconi ya harba daga Amurka ta yi 'yan mintoci a sama, ta dawo da shaidar wani tauraro a rukunin taurarin da ake kira Kunama da ke zuba hasken X fiye da duk hasken da rana ke fitarwa sau dubbai. Daga baya aka gane cewa iskar gas ce ke zubowa daga wani tauraro zuwa kan wani ɗan ƙarami mai tsananin nauyi, tana zafafa har miliyoyin digiri a kan hanyar faɗawarta.